Wuta Ba Waya

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi da girmamawa, ina fatan Malam yana cikin ƙoshin lafiya, shi da Auta da duk mutanen gida. Ɗalibarka ce, wadda ka laƙaba wa 'Yar Gardama tun ranar da na miƙe a aji na ce akwai kuskure a lissafin allo, aka duba aka tarar kuskuren a littafina yake.

Rabona da gidanku tun rasuwar Maman Auta, Allah Ya jiƙanta. Na buga waya, Auta ta ce kunnen Malam ya yi nauyi, kuma ka ce waya ta marasa haƙuri ce. Shi ya sa na ɗauko biro. Ta ce ita ke karanta maka in ido ya gaji, don haka zan yi bayani dalla-dalla saboda ita, kada Malam ya ce na raina masa hankali.

Kamfanin da nake aiki yana naɗa maganaɗisu na injin ɗaukar hoton cikin jikin mutum, ƙarami, wanda ƙananan asibitoci za su iya ajiyewa. Da siririyar wayar nan mai kama da zaren kaset muke naɗawa, wadda in ta sha sanyi sosai wuta ke ratsa ta ba turjiya ko kaɗan. Matsalar ita ce wadda ka sha faɗa mana: wayoyin tagulla masu kauri da ake shigar da wuta ta cikinsu, su ne kuma ke jawo zafin ɗaki zuwa cikin sanyin. To muna so mu rabu da su. Mun jera guntayen maganaɗisu a bakin faifai, faifan yana juyawa dab da wayar ba ya taɓa ta, duk wucewa ɗaya ya tura 'yar wuta cikin naɗin har ya cika. Kai ka fara zana mana wannan a bayan takardar jarrabawa, muka yi ta dariya muna cewa Malam zai yi caji da iska.

Aikina shi ne kwaikwayon abin a kwamfuta kafin a taɓa ƙarfe. Kuma a nan na maƙale. Kwamfuta ta ce ƙaramin naɗin gwajinmu zai cika maƙil, shi kuwa na gaske ya hau ya hau ya tsaya a hanya, ya ƙi gaba. Na duba mahaɗar da aka liƙe da dalma, na duba zafi, na sake lissafin daga tushe. Masu naɗi har sun sa min suna Malama Kwamfuta-ta-ce. Ga zanen na haɗo da shi, ko Malam zai hango abin da na kasa gani.

Maigidana da yara suna gaisuwa.

Ɗalibarka mai biyayya, yau dai,
'Yar Gardama

*

Zuwa ga 'Yar Gardama,

Wa alaikumus salam. Ashe kina raye. Ni na ɗauka sanyin nan naku ya daskarar da ke tare da wayar.

Takardarki ta same ni a baranda ina gadin tumatirin Auta, wanda shi ne muƙamin da aka ba ni bayan ritaya. Tsuntsayen unguwar nan sun fi ɗaliban shekarar farko rashin kunya.

Na kalli zanenki. Kin rubuta tazarar da ke tsakanin faifai da waya, har da ɗigo da lambobi a bayansa, abin sha'awa. Tambaya ɗaya: yaushe kika auna ta? Na rantse a ɗaki mai ɗumi kika auna, kina sanye da takalminki mai tsini. To ƙarfe in ya sha sanyi tsukewa yake yi. Sandar da ke riƙe da faifan ta tsuke, ta ja shi baya, tazarar ta buɗe, ke kuma kina can kina ba kwamfuta labarin jiya. Kwamfuta ba ta ƙarya, amma duk ƙaryar da aka ba ta tana riƙewa amana. Ki sa a auna da sanyinsa.

In na yi daidai, ina binki gardama ɗaya. In na yi kuskure, ki ce tsufa ne.

Na ji daɗin takardar nan fiye da yadda zan iya rubutawa. A zamaninmu abin da muke da shi firji ne da ya daina sanyi, da alli, da buri. Na yi ta rubuta takardar neman kayan aiki har kaina ya yi fari, ba a taɓa ce min a'a ba, kullum ana dubawa. Faifan da na haɗa da injin tsohuwar fanka yana nan ƙarƙashin matakala, bai taɓa ganin wayar da aka yi shi dominta ba. Auta na barazanar ba masu sayen tsohon ƙarfe, ni kuma na ce sai dai su haɗa da ni.

Ki zo mu gaisa. Ba sai kin gama ba, irin wannan aikin ba a gama shi. Ki gaida maigidanki, ki ce ina jinjina masa, ni shekara huɗu kawai na yi da gardamarki.

Malaminki

*

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum, tare da fatan an tashi lafiya.

Malam, ka yi daidai! Mun leƙa da 'yar kyamara cikin sanyin, tazarar ta buɗe kamar yadda ka ce. Na gyara lambar, layin kwamfuta ya sauko ya kwanta a kan na gaske kamar an zana su da biro ɗaya. Shugaban masu naɗi ya tsaya a bayana ya daɗe yana kallo, can ya ce, "To, yau dai kwamfuta ta ce, kuma haka ne." Na ce ba kwamfuta ba ce, wani mai gadin tumatiri ne.

Saboda wannan an amince a gwada a babban maganaɗisun. Shi kuwa ba abin wasa ba ne. Sai faifan ya yi juyi dubbai bisa dubbai kafin ya cika, kwamfutata kuma wuni take yi a kan 'yan kaɗan, don haka sai na nemo gajeriyar hanyar lissafi. Ga kuma haɗari: in aka juya faifan da sauri fiye da kima, wayar za ta ɗauki zafi, halinta na rashin turjiya ya gudu nan take, duk wutar da aka tara ta huce a wuri ɗaya ta ƙone naɗin. Ni zan faɗi saurin da za a bi.

Batun zuwa, yana raina. Amma ba zan zo maka hannu rabbana ba. Ka jira abin nan tun kafin a haifi Auta, ina so in shigo gidan da hotonsa yana aiki, in ajiye a gabanka. Wata biyu ne ko uku. A ce wa Auta ta ƙyale faifan Malam, zan zo in gan shi.

Ɗalibarka,
'Yar Gardama

*

Zuwa ga ɗalibata,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarki, Allah Ya yi albarka.

Na yi ta tunani a kan matsalar nan taki, yau da safe Allah Ya buɗa min. Ki duba tazarar da ke tsakanin faifai da waya. Ƙarfe in ya sha sanyi tsukewa yake yi. Ban san yadda aka yi ban faɗa miki tun farko ba.

Sannu ba ta hana zuwa. Amma babi na uku na kundinki har yanzu bai zo teburina ba, kuma shugaban sashe ya tambaye ni. Ki kawo ko da rubutun hannu ne, ina ofis gobe bayan aji.

An sauya wa abubuwa wuri a gidan nan, ban san wa ke yi ba. Maman Auta ta fita tun ɗazu ba ta dawo ba, da ta gaishe ki. Ki duba tazarar.

Malaminki

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Auta ce. Ina fatan kina lafiya, ke da yara da babansu.

Takardar Baba da ke cikin ambulan ɗin nan na karanta ta kafin in rufe. Na so in yage, na kuma ce a'a, gani ya kori ji. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Yaya, Baba yana mantuwa, kuma ba irin ta tsufa ba. An fi shekara ana haka. Da farko makulli ne da tabarau, muna yi masa tsiya yana ramawa. Daga baya ya fita sayen jarida, mai shagon kan kwana ya rako shi gida, ya ce ya same shi tsaye a bakin titi yana tambayar hanyar jami'a. Ya hana ni faɗa wa kowa a cikin ɗalibansa, musamman ke. Amsar farko da ya ba ki, sati ya yi yana rubuta ta, da safe da safe, lokacin da kansa ya fi washewa. Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na satin nan ba tun rasuwar Mama. Har wanka yake yi ya sa riga mai guga kafin ya zauna a kanta.

Mun je asibiti an saka shi a injin hoton ƙwaƙwalwa, irin wanda kuke yi. Likita ya tambaye shi yau wace rana, bai sani ba. Amma yana kwance ana shirin tura shi ciki ya kama hannun ma'aikacin yana yi masa bayanin maganaɗisun da ke kewaye da shi, da yadda ake sanyaya shi, da wayoyin da ke ɓata sanyin. Ya ce, "Ɗalibata za ta cire muku su." Mutumin ya ce Allah Ya sa. Ni na fita waje na yi kukana.

Likita ya ce abin gangara yake yi, ba ya hawa. Yau yana gane ki, yana ambatonki. Ban san gobe ba. In ya yi kuskure ba ma gyara masa, don in aka gyara sai ya tsorata, ya yi shiru wuni guda.

Ki bar hoton nan, ki zo da ƙafarki. Zumunta a ƙafa take.

Ƙanwarki,
Auta

*

Ƙanwata Auta,

Wa alaikumus salam. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na karanta takardarki a ofis, na shiga banɗaki na kulle kaina har aka zo ana ƙwanƙwasawa. Sannu, Auta. Sannu da ɗawainiya, ke kaɗai da wannan nauyi. Allah Ya ba shi sauƙi, Ya ba ki lada.

Na je wurin oga da niyyar karɓar hutu. Kafin in buɗe baki ya nuna min ranar gwaji a jikin allo, sati uku masu zuwa. Mutanen nan sun fi shekara biyu suna naɗa wayar nan da hannu, akwai wanda aka haifa masa ɗa bai je suna da wuri ba saboda ita. Ba wanda ya san cikin lissafin nan sai ni. In na tafi aka yi kuskuren sauri, aikinsu ya zama toka. Tafiyar kuma kin san ba ta wuni ɗaya ba ce.

Kuma Auta, ki duba abin da ya faɗa wa ma'aikacin asibitin. Wannan ne abin da ya rage masa yana riƙe da shi. In na zo da shi a hannu, wataƙila ya fi masa magani. Sati uku ne kawai. Ki riƙa ce masa ina hanya.

Yayarki

*

Yaya,

Salam. Saƙonki na cewa injin sanyi ya lalace an ɗaga gwajin ya iso, haka ma na bayansa.

Na daina ce masa kina hanya. Da yana sa a fito masa da kujera ta biyu a baranda, ya hana kowa zama a kai. Yanzu ya daina tambaya, ni kuma ba zan tayar masa ba. Jiya ya kira ni da sunan ƙanwarsa.

Ba na jin haushinki, gajiya ce. Allah Ya ba da sa'ar gwajin.

Auta

*

Ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, an yi! Maganaɗisun ya cika, ba wayar tagulla ko ɗaya da ta shiga cikinsa. Aka tsayar da faifan, wutar ta ci gaba da zagayawa abinta. Manyan mutane da furfura suna tsalle kamar yara, wani ya fasa kofin shayin oga, ogan ma bai kula ba.

Na ɗauki komai a bidiyo. Na sayi tikiti, ina isowa ranar Laraba da rana in Allah Ya so. Kada ki wahalar da kanki da girki.

Yayarki

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin isa gida lafiya.

Na shiga kicin in haɗo muku shayi, na fito da faranti na tarar da kujerarki babu kowa, jakarki babu, ƙofar gida a buɗe. Na bi ki har bakin titi, mai gyaran taya ya ce kin tari tasi kina rufe fuska da mayafi. Na kira ba ki ɗauka ba. Mutum ya yi wannan doguwar tafiya, ya zauna abin da bai kai a sha ruwa ba?

In wani abu ya faɗa miki mara daɗi, ki yi haƙuri, ba shi ba ne, ciwon ne. Ni har ɓarauniya ya taɓa kirana a kan tabaransa da ke saman goshinsa.

Shi dai na same shi yana murmushi. Ya ce baƙuwar nan tana da hankali, 'yar gidan waye? Ya ci abinci sosai ranar, har ya nemi ƙari.

Ki rubuto, hankalina bai kwanta ba.

Ƙanwarki,
Auta

*

Ƙanwata Auta,

Wa alaikumus salam. Ki yafe min fitar da na yi. Bai faɗa min komai mara daɗi ba. Da ma ya faɗa, da ya fi min sauƙi.

Kin ga yadda ya miƙe da na shigo, ya ce, "Sannu da zuwa, baiwar Allah," ya ba ni kujerarsa. Tun a nan na gane, amma na ce bari ya ga aikin, wataƙila ya dawo. Da kika shiga ciki na buɗe kwamfuta na ɗora masa a cinya. Ya gyara tabarau. Ga faifan yana juyawa, ga farin tururin sanyi yana zuba ƙasa, ga lambar wuta tana hawa, ga layin lissafina da layin gaske suna tafiya tare. Ya sa yatsa yana bin su, yadda yake bin rubutunmu in yana neman kuskure.

Ya ce, "Ina wayoyin tagullar?"

Na ce, "Babu, Malam."

Ya ce, "Babu?" Ya matso da fuskarsa dab da gilashin. Sai ya tuntsire da dariya ya tafa hannu, dariyar nan tasa da ake jiyowa daga ƙarshen baranda a jami'a. Ya tambaye ni saurin faifan, ya tambaye ni yadda muka hana wayar ɗaukar zafi. Tambayoyi masu kyau, Auta, sun fi na oganmu. Ina amsawa, a raina na ce ga shi nan, ya dawo.

Da bidiyon ya ƙare ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce, "Wannan ba aikin wanda ya koya da ka ba ne. Wa ya koyar da ke?"

Na buɗe baki in ce kai ne, sai na tuna abin da kika ce game da gyara masa. Na ce, "Wani malami ne a jami'armu."

"Yana raye?"

"Yana raye."

"Kina zuwa gaishe shi?"

Na sunkuyar da kai. Ya girgiza kai a hankali, ba da faɗa ba. Ya ce, "Ku riƙa zuwa. Mu malamai ba ma faɗa, amma muna duba hanya." Sai ya miƙo min kwamfutar da hannu biyu, ya ce, "In kin je, ki ce wani tsoho ya ga aikin ɗalibarsa. Ki gaishe shi, ki ce ya yi ƙoƙari."

Na ji ƙarar cokali a kofi daga kicin, na san kina fitowa, na kuma san in na ƙara minti ɗaya zan fashe da kuka a gabansa in tsorata shi. Shi ne na tashi.

Tun da na dawo nake lissafi, irin wanda kwamfuta ba ta yi. Da na zo lokacin da ya ce in zo, da ba ni da abin nuna masa, amma da ya san wadda ta zo. Da na sani ƙeya ce. A ofis ana ta taya ni murna, an ce za a sa sunana a gaba a rahoton. Na ce a sa nasa, aka ce sai ya sa hannu a takardar amincewa. Na ce to a bari.

Ga wata 'yar takarda na haɗo. Ki karanta masa da safe, lokacin da kansa ya fi washewa. In bai gane ba, ba komai.

Yayarki

*

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi, ina fatan Malam ya tashi lafiya.

An ba ni saƙo in kawo maka. Wani dattijo ne, masanin aikinmu, ya kalli abin da muka yi tun daga farko har ƙarshe bai sami kuskure ba. Ya ce in gaishe ka, in ce maka ka yi ƙoƙari.

Na isar da saƙo. Na karɓi hutu, ina nan tafe ranar Asabar, kuma zan kwana biyu in Auta ta ba ni wuri.

Allah Ya ƙara wa Malam lafiya.

Ɗalibarka